“Ai Za A Gane”: Maganar Da Ke Cinye Mana Haruffa

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin masu buga mana littattafai da takardu, har da wasu daga cikinmu marubuta, wadda in aka bi ta a hankali za a ga ita ce ke yi wa harshen Hausa kisan mummuƙe. Maganar kuwa ita ce, “Ai za a gane.” Ka kai rubutunka shagon buga takardu, a miƙo maka shi babu ƙugiya ko ɗaya, ka ɗaga murya, a ce ai za a gane. A buga sunan ɗanka a takardar jarrabawa da alamar tambaya tsakiyarsa, a ce ai za a gane. In kuwa Larabci ne ko Ajami, haruffa su fito a wawwatse, kowane ya juya wa ɗan'uwansa baya, sai a ɗaga kafaɗa a ce kwamfuta ce ba ta jin Larabci, a yi haƙuri.

To ni dai na ce ba za a gane ba, kuma kwamfuta ba ta da laifi. Laifin namu ne, mu da muke karɓar gurgun rubutu mu sa hannu mu biya kuɗi, har mu yi godiya.

Bari mu fara da mai cewa za a gane. Ya gaya mana me aka gane in an rubuta “Sarki ya shiga fada”: fadarsa ya shiga ko kuwa faɗa ya tsunduma? Kaya aka ɗora wa jaki ko ƙaya? Tabo ne a ƙafar yaron ko taɓo? Gada aka gani a bakin rafi ko gaɗa ake yi? Mu nan Birnin Gwari, da muka ɗanɗana zaman jiran labarin waɗanda aka shiga daji da su, mun san tazarar da ke tsakanin “sako” da “saƙo”. Ɗaya na nufin ɗan'uwanka ya dawo gida, ɗaya kuwa na nufin har yanzu yana hannu, magana kawai aka aiko. 'Yar ƙugiyar nan da ake rainawa ita ce ta raba kukan murna da kukan zullumi. Wanda ya tashi da Hausa a bakinsa yakan yi canki-canki ya cinka daidai, to amma yaron da ke koyon karatu fa? Baƙon da ke koyon harshen fa? Ni malami ne, kullum ina ganin ɗalibai suna rubuta “kasa” a madadin “ƙasa”, in na ja jan biro su nuno mini littafin da suka gani a ciki. Littafin kuwa ɗayanmu ne ya rubuta shi.

Domin a san inda gizo ke saƙar, tilas mai karatu ya yi haƙuri mu ɗan leƙa cikin na'urar. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba kaɗai ta sani. Kowane harafi akwai lambar da aka yanka masa a cikin wani jadawali, in ka danna harafin lambar ce ake ajiyewa, in an tashi nuna maka kuma sai a duba jadawalin a zana harafin da ke gaban lambar. A 1963 Amurkawa suka fito da jadawalin da ake kira ASCII, mai gurbi 128, wanda ya ishi Turanci da alamominsa. Kamfanin IBM kuma da ya fito da manyan kwamfutocinsa na System/360 a 1964, irin waɗanda bankuna da ma'aikatun gwamnati ke tara bayanan miliyoyin mutane a ciki, sai ya zo da nasa jadawalin, EBCDIC, mai gurbi 256. Jadawalan nan biyu ba su jituwa. Alal misali babban harafin A lambarsa 65 a na farko, amma 193 a na biyu. Ke nan in ka ɗauko rubutu daga babbar kwamfuta ka buɗe shi a ƙaramar da ke tebur ba tare da ka gaya mata jadawalin da aka yi aiki da shi ba, tamkar ka ba wa mai karatun Warshu allo ne ka ce ya biya maka da ƙa'idar haruffan boko.

Larabawa sun sha wannan wuya kafin mu, kuma tasu ta fi tamu tsanani. Larabci daga dama yake tafiya zuwa hagu, alhali injunan an ƙera su ne don rubutun da ke tafiya daga hagu. Harafi ɗaya kuma yana iya ɗaukar siffa har huɗu: ta farkon kalma, ta tsakiya, ta ƙarshe, da ta tsayuwa shi kaɗai. Ga kuma lam'alif da ke haɗe haruffa biyu wuri guda. IBM ya yi musu jadawali na musamman mai lamba 420, inda aka ajiye wasu haruffan da siffofinsu daban-daban, kuma sau da yawa ana jera su yadda za su fito a takarda, ba yadda mai rubutu ya bi su ɗaya bayan ɗaya ba. Can kuma ga wasu jadawalan na ƙananan kwamfutoci, irin su ISO 8859-6 da Windows-1256, kowane da lambobinsa. Sakamakon haka takardar banki takan fito da sunan mutum a juye, ƙarshe ya koma farko, ko haruffa su tsittsinke, ko su rikiɗe su zama wasu alamomi da ba na kowa ba.

Abin lura a nan shi ne, Larabawa ba su ce za a gane ba. Ba su kuma ce a jingine Larabci a koma rubuta sunaye da haruffan Turawa ba. Zama suka yi suka gano maganin, kuma maganin sananne ne ga duk mai wannan sana'a: a tabbatar da jadawalin da rubutun ya fito daga cikinsa, a juya lambobin zuwa jadawalin duniya, a mayar da jerin haruffa yadda ake karanta su, a bar wa na'ura ta zaɓi siffar kowane harafi, sa'an nan a cusa samfurin haruffan cikin takardar kanta don kada ta je wani wuri ta rasa tufafinta. Yau mutum zai karɓi takardar bankinsa a Alƙahira ko Jidda da sunansa cikin Larabci tsaf.

Jadawalin duniyar da na ambata shi ne Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991 da niyyar bai wa kowane harafi na kowane harshe lambarsa ta kansa. A nan ne abin kunyar yake. Haruffanmu masu ƙugiya suna cikinsa tun farkon shekarun 1990. Ƙaramin ƙ lambarsa 409, ɓ 595, ɗ 599, manyansu ma kowane da tasa, har da ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa inda mu muke sa 'y. Wato fiye da shekara talatin ke nan da aka shimfiɗa mana tabarma a zauren duniya, mu kuwa muna tsaye a waje muna cewa ba a gayyace mu ba. Windows na da allon rubutun Hausa, wayoyin da ke aljihunanmu ma suna da shi, sai dai wanda bai ga dama ya kunna ba.

Masu ƙugiyar nan fa ba jiya aka ƙago su ba. Tun cikin shekarun 1930, zamanin da Rupert East ke jagorancin Hukumar Talifi a Zariya, aka tsayar da su, kuma Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, ta raini masu karatu a kansu. An zauna a Bamako a 1966, an sake zama a Yamai a 1980, duk a kan daidaita ƙa'idojin rubutun nan. Mutanen da ke jera haruffan dalma da hannu ɗaya bayan ɗaya sun iya kiyaye ƙugiya, sai mu masu danna maɓalli ne za ta gagara?

Wani zai ce ai a shekarun 1990, lokacin da littattafan Kano suka cika kasuwa, babu yadda za a yi. Gaskiya ne an sha wuya. Mai tafireta yakan buga k da d da b, sa'an nan a bi da biro ana lanƙwasa musu kai, wani a tuna wani a manta. Cikin wannan hali ne Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar da samfuran haruffan nan da aka sani da Rabi'at da Abdalla, ya kuwa share wa marubuta da ɗalibai hawaye. Dabarar ita ce a ari gurbin wasu alamomin da ba a cika aiki da su ba, a zana haruffanmu a kansu: in ka danna } sai ƙ ta fito, ] ta ba ka ɗ, ~ ta ba ka ɓ. Dabara ce ta zamaninta, kuma ta yi rana. Amma lambar da ke ƙarƙashi ba ta canza ba, riga kawai aka sauya mata. Shi ya sa duk wanda ya taɓa neman kundin digiri na Hausa a intanet ya ci karo da “}asar Hausa” da “wa]anda” da “ta~a”. Rigar ta zame a hanya, an bar alamar tsirara. In ka nemi kalmar “ƙasa” a cikin irin wannan kundi na'ura za ta ce maka babu, alhali tana nan sau ɗari. Gumin shekaru na ɗalibai da malamansu yana nan a kulle, makullin kuma a hannunmu. Abin takaici shi ne har gobe akwai shagunan da ke buga sabon littafi da wannan tsohuwar hanya, don kawai ita yaron shagon ya gada daga maigidansa.

Ya kamata kowane marubuci ya iya rarrabe cututtuka uku, domin ba maganinsu ɗaya ba.

Ta farko ita ce wadda na ambata yanzu. Maganinta sauƙi gare shi: a umarci na'ura ta bi rubutun ta musanya kowace } da ƙ ta gaskiya, kowace ] da ɗ, kowace ~ da ɓ, haka manyansu, sa'an nan mutum ya bi da ido don kada a taɓa bakan da aka sa da gangan. Littafi guda ba zai ci yini ba.

Ta biyu ita ce in ka ga ƙ ta koma Æ™, ɗ ta koma É—, ko alif na Larabci ya koma Ø§. Wannan alama ce rubutun lafiyarsa lau, da jadawalin da ba nasa ba aka buɗe shi. A rufe ba tare da an adana ba, a sake buɗewa a zaɓi UTF-8, sai ka ga komai ya dawo mazauninsa.

Ta uku ita ce mai kisa. In aka tura rubutu cikin tsohon jadawalin da ba shi da gurbin harafin sam, na'ura takan jefar da shi ta dasa alamar tambaya a wurin. Da zarar an adana haka, shi ke nan, an yi ɓarin da ba a kwashewa. Babu gwanin da zai iya gaya maka ko “?ari” ɓari ne ko ɗari ko ƙari, sai an koma ga takardar asali ko ga mai maganar. In takardar ta ƙone, mai maganar kuma ya riga mu gidan gaskiya fa?

Wannan tambaya ce ta kawo ni kan Ajami, inda ciwon ya fi zurfi. Kuskuren da aka daɗe ana yi, daga masu son Ajami har masu ƙinsa, shi ne ɗaukarsa Larabci. An ga haka a 2007 da aka cire shi daga takardun naira biyar zuwa hamsin, da kuma 2014 da sabuwar naira ɗari ta fito babu shi: gardama ta kaure a kan “Larabci”, alhali abin da ke jikin kuɗin Hausa ce tsantsa. Wannan kuskure shi ne kuma ke bin mu har cikin na'ura. Ma'aikaci zai ce ai kwamfutarsa na da Larabci, don haka ta iya Ajami. Ina! Jadawalin da aka yi wa bankunan Larabawa haruffa 28 na Larabci ya sani. Bai san ɗigon imala da muke sawa ƙarƙashin harafi don a karanta “e” ba. Bai san tsa mai ɗigo uku ba. Bai san cewa a hannun malamanmu, bisa al'adar Magariba, fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya gare shi a sama ba. In ka tilasta wa waƙar Nana Asma'u shiga wannan jadawali, abin da zai fito ba Larabci ba ne, ba kuma Hausa ba.

Nan ma an yi mana aikin. Ɗigon imala ya sami lambarsa a 2005. Fa da ƙaf da nun irin na Afirka sun samu a 2016. A 2020 aka ƙara angai mai ɗigo uku a sama, wanda wasu marubuta Ajami ke sawa don sautin “gw”, wato harafin farko na Gwari ke nan. Akwai kuma samfurin haruffa mai suna Alkalami, wanda ƙungiyar SIL ta zana bisa hannun Kano, ana samunsa kyauta. Su waye suka yi amfani da su a cikinmu? Mujallu nawa ne na ƙungiyoyinmu suka taɓa buga ko da shafi ɗaya na Ajami da aka rubuta da na'ura? Muna alfahari da rubuce-rubucen da ke Gidan Arewa a Kaduna, muna murna in Jami'ar Boston ta ɗauki hotunan takardun kakanninmu ta ajiye. Madalla da hoto, amma hoto ba a neman kalma a cikinsa, ba a juya shi zuwa boko, makaho ba zai sa na'ura ta karanta masa ba. Sai an zauna an rubuta shi harafi bayan harafi, kuma wannan aikin masu harshen ne.

Kada a ɗauka wannan gardamar 'yan boko ce da suka ƙoshi. A ƙasar Birnin Gwari shekaru aka yi ƙauyukan da ke kewaye da dajin Kamuku da na Kuyambana suna watsewa. An ga abin da ya faru a Gwaska a 2018, an ga yadda a 2021 har layukan waya aka rufe, kafin sulhun da aka ƙulla a ƙarshen 2024 ya sa aka sake buɗe kasuwar shanu. Mutumin da ya gudo da rigar jikinsa, abin da ya bari a baya ba hatsi da dabbobi kaɗai ba ne. Akwai 'yar jakar fatar da ke rataye a ɗaki, mai ɗauke da takardar iyakar gona, da lissafin bashi, da sunayen kakanni, da waƙoƙin wa'azin da wani tsoho ya kwafa, galibi da Ajami. Abin da wuta da gara suka bari shi ne ke hannunmu yanzu. In muka kwafe shi da gurgun jadawali, mun ƙarasa abin da wutar ta fara.

Sunan mutum ma haka. Yau takardu a sarƙe suke da juna: katin ɗan ƙasa, asusun banki, layin waya, takardar jarrabawa, dole suna ya zo iri ɗaya a dukkansu. Akwai wata ɗaliba a ajina da sunanta ke da ɗaurin nan na sama irin na Asma'u da Sa'adatu. A takarda ɗaya an sa shi, a ta biyu an haɗe sunan, a ta uku na'ura ta tsinka shi gida biyu ta mayar da rabin sunan uba. Aka ce sai ta je wani ofishi a birni a gyara, a lokacin da hawa hanyar Kaduna sai da rakiya da addu'a. Mahaifinta ya auna ran 'yarsa da takarda, ya zaɓi ran. Shekarar nan ba ta zauna jarrabawa ba. Wanda ya tsara fom ɗin da ba ya karɓar ɗauri bai san ta ba, ba kuma zai taɓa sanin abin da ya jawo mata ba. Ai za a gane!

Na san akwai masu cewa duniya ta ci gaba, a bar wa Turanci fagen na'ura. Sukan kawo misalin fasfo, inda layuka biyun nan na ƙasa ba su karɓar komai sai haruffan Turanci 26 da lambobi da alama guda. Wannan gaskiya ne, ƙa'ida ce ta duniya, kuma ta hau kan Bajamushe da Balarabe da Bafaranshe kamar yadda ta hau kanmu. Amma Bajamushe bai fasa ɗiga wa harafinsa ɗigo biyu a littafinsa da jaridarsa don layin fasfo ba. Tilas ta wuri ɗaya ba ta zama hujjar sakaci a ko'ina. Akwai kuma masu cewa sa ƙugiya na cin lokaci. Marubucin da ya yi wata shida yana saƙa labari, in ya ce daƙiƙar danna ƙ ce ta fi ƙarfinsa, to ya sake sana'a.

Saboda haka ga abin da nake kira gare shi, kuma ba ya bukatar ko kwabo daga gwamnati. Ƙungiyarmu ta yanke cewa wannan mujalla ba za ta karɓi rubutun da babu ƙugiya ba, ko wanda aka yi da haruffan aro. Duk gasar da za mu shirya, wannan ya shiga cikin sharuɗɗanta. Kowane reshe ya ware zama guda a koya wa mambobi kunna allon Hausa a waya da kwamfuta, abin da ba zai wuce rabin sa'a ba. Marubuci kada ya biya mai shago sai ya ga shafin gwaji, kuma ya riƙe kwafin asali a wurinsa, domin shi ne madogara ranar da alamar tambaya ta ci wani harafi. Waɗanda suka yi karatun allo a cikinmu, ga su nan da yawa, su ɗauki nauyin kwafe takardun Ajamin da suka tsira a garuruwansu, mujalla kuma ta ba su shafi a kowace fitowa. Sassan Hausa na jami'o'inmu su warware tsofaffin kundayen nan daga ƙullin } da ] tun masu su na raye. Sa'an nan shugabanninmu su rubuta wa hukumomin da ke tara sunayen jama'a, da sunan ƙungiya, cewa fom ɗin da ba ya karɓar Ɗ da Ƙ da ɗauri fom ne mai naƙasa, a gyara shi.

Masu iya magana sun ce in kana da kyau ka ƙara da wanka. Harshen da miliyoyin mutane ke magana da shi daga Agadas zuwa Kumasi, mai rubutu iri biyu, wanda aka riga aka yanka wa kowane harafinsa lamba, bai cancanci a riƙa rubuta shi da canki-canki ba. Duk ranar da mai shago ya sake ce maka za a gane, ɗan'uwa marubuci, ka miƙa masa takardarsa ka ce ya gyara, kana nan zaune kana jira.